Yadda Ake Gyara Fitilar Cikin Gangar Injin Wanki Mai Ƙofa a Gaba

Fitilar da ke haska cikin gangar injin wanki ba ta da hannu a wankin kansa. Ko ta mutu, injin zai ɗebi ruwa, ya juya, ya matse kaya kamar yadda ya saba. Amfaninta shi ne a hango safa ko hankicin da ya manne a can ƙuryar ganga, a kuma iya leƙa yadda kumfa take lokacin wanki. Don haka gyaranta ba na gaggawa ba ne, a tsanake ake yin sa. Abin da ke buƙatar kula a aikin shi ne mazaunin fitilar. A yawancin injina masu ƙofa a gaba, an cusa ta ne a jikin robar ƙofa, wato kakkaurar robar nan mai ninki da ke tare ruwa tsakanin ganga da fuskar injin. Wanda ya sauya fitila amma ya bar mazauninta sako-sako, ya sami haske ya kuma jawo wa kansa yoyo, alhali yoyo ya fi duhu ɓarna nesa ba kusa ba.

Ka buɗe ƙofa ka sunkuya ka dubi saman robar daga ciki. Za ka ga wani ɗan zagayayyen ido na leda mai haske, a tsakiyar sama ko ya ɗan karkata gefe. Ita ce fitilar. A injinan zamani kusan kullum LED ce da aka rufe ruf a cikin gidanta don kada ruwa ya shiga, tana da siraran wayoyi biyu da ke fita ta bayan robar su tafi allon da ke sarrafa injin. Ba ƙwan da ake murɗewa a fitar ba ne. Idan ta lalace, da gidanta da wayarta ake sauyawa baki ɗaya. Wutar da take ci ƙarama ce, DC ce, wato irin wutar batir, sau da yawa volt 12, a wasu injinan kuma ƙasa da haka. Kada ka yi kintace, ka duba abin da aka rubuta a jikinta ko a takardar zanen wayoyin injin.

Abin da za a duba kafin a taɓa sukundireba

Fitilu da yawa da ake cewa sun mutu, lafiyarsu lau. An tsara su ne su kashe kansu bayan 'yan mintuna idan an bar ƙofa a buɗe, don haka wanda ya buɗe ƙofa ya tafi ya dawo zai tarar da duhu. Ka rufe ƙofar, ka kashe injin, ka sake kunnawa, ka buɗe. A wasu injinan ma fitilar ba ta kamawa da kanta sai an danna maɓallinta, kuma sau da yawa maɓallin na haɗaka ne da wani aikin, sai an danne shi na daƙiƙa 3 kafin ya amsa. Akan rubuta hakan da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashin maɓallin. Idan makullin yara yana kunne, maɓallan ba za su amsa ba gaba ɗaya, sai an cire shi. Daga nan ka zare filogi daga bango na minti 5 ka mayar, domin wani lokaci allon ne ya rikice, yanke masa wuta kan dawo da shi hayyacinsa.

Ka goge idon fitilar da tsumma mai laima. Dattin sabulu da farin gishirin da ruwa ke bari suna taruwa a kansa har hasken ya dushe ya koma rawaya. Bayan ka goge, ka haska shi da tocila ka duba da kyau. In ka ga raɓa ko ɗigon ruwa ta cikin idon, ko tsaga a jikinsa, ko baƙin tabo a tsakiya, bincike ya kusa ƙarewa: ruwa ya shiga, fitilar ce za a sauya.

Yadda ta mutu ma yana nuna inda matsalar take. Wadda ta riƙa dushewa sannu a hankali ko ta yi ta kyaftawa kafin ta ɗauke, galibi ita kanta ce ta gaji. Wadda take kamawa ta ɗauke idan an taɓa robar ko idan ganga ta girgiza, waya ce ta karye ta ciki ko mahaɗa, wato ɗan filogin da ke jona wayoyinta da na injin, ta yi sako-sako. Gwada wannan abu ne mai sauƙi: fitila na kunne, ka sa yatsa ka ɗan tura robar da ke kewaye da ita, ka ga ko hasken zai motsa. Idan kuwa mutuwar fitilar ta zo tare da ƙin kulle ƙofa, ko injin yana nuna alamar matsalar ƙofa, irin dE a injinan LG ko dC da dE a na Samsung, to ka bar fitilar tukuna ka koma kan makullin ƙofa. A cikinsa ne ake da ɗan makunnin da ke sanar da allo cewa an buɗe ko an rufe, kuma in allon bai sami wannan labari ba, ba zai kunna fitila a lokacin da ya kamata ba.

Abu na ƙarshe kafin buɗewa: idan injin yana cikin garanti, ka tsaya nan ka kira wakilan kamfanin. Buɗe shi da kanka na iya soke garantin, kuma fitila ba ta kai a yi wannan asara a kanta ba.

Kayan aiki da sabuwar fitila

Za ka buƙaci sukundireba mai kan gicciye lamba 2, da mai faffaɗan baki ƙarami. Injinan Turai da yawa suna amfani da sukuru mai kan tauraro, mafi yawa Torx T20, wasu kuma masu kan noti na milimita 7 ko 8. Ka tanadi filaya mai dogon baki, ƙaramar filayar yanka, mitar gwada wuta mai auna DC da ci gaban waya (wato ko waya ta yanke a ciki), tocila, safar hannu, tsofaffin tawul, faranti mai ɗan zurfi na tarar ruwa, da 'yan maɗauran leda masu haƙora, waɗanda masu gyara ke kira kebul tai. Safar hannun ba ado ba ce. Gefen ƙarfen cikin injin ba a goge shi ba, yana yanka kamar reza.

Wajen sayen fitila, sunan kamfani kaɗai bai isa ba. Ka kwafi cikakkiyar lambar samfurin injin daga takardar da aka manna a bakin ƙofa ta ciki ko a bayan injin, har da haruffan ƙarshe, domin injina biyu masu kama ɗaya daga waje kan bambanta a siffar mahaɗa, da tsawon waya, da ƙarfin wuta. Mafi kyau ma kada ka saya sai ka gama gwajin da ke tafe ka tabbatar ita ce ta mutu, sannan ka riƙe tsohuwar a hannu ka gwada da sabuwar.

Buɗe injin

Ka zare filogi daga soket. Kashe maɓallin injin bai wadatar ba, domin wuta tana nan a cikin allo muddin filogi na jone. Bayan ka zare, ka jira aƙalla minti 5. Injinan da ke da mota mai inbata suna da manyan kafasita da ke riƙe wuta sama da volt 300, ba sa saukewa nan take. Ka rufe famfon ruwa, ka jawo injin gaba yadda za ka iya tsayawa a bayansa ba tare da ka ɗame tiyo ba. Idan an ɗora injin busarwa a kansa, sai an sauke shi, kuma wannan aikin mutum biyu ne.

Murfin sama yana riƙe da sukuru biyu ko uku a baya. Ka kwance su, ka ja murfin baya kamar santimita 2, sai ka ɗaga. In ya ƙi, ka buga gabansa da tafin hannu zuwa baya, zai saki. Kafin ka taɓa komai a ciki, ka ɗauki hoto da waya, ka kuma ci gaba da ɗauka a kowane mataki. Lokacin mayarwa, hoton ne zai gaya maka ta inda waya ta bi.

Yanzu ka haska tocila tsakanin babban tulun da ganga take ciki da fuskar injin. Za ka ga bayan robar ƙofa, da gindin fitilar yana leƙowa daga samanta, da wayoyinta biyu suna tafiya zuwa wata 'yar farar mahaɗa. A wasu injinan hannu yana isa nan daga sama, kuma in haka ne ka huta, duk aikin daga nan za a yi shi. A wasu kuma dutsen siminti da ke danne tulun, ko akwatin sabulu, ko bututun iska mai zafi a injinan da ke wanki da busarwa, ya tare hanya. Nan sai an shiga ta gaba.

Hanyar gaba mataki biyu ce, kuma sau da yawa na farkon ya wadatar. Ka buɗe ƙofa, ka ɗaga leɓen robar da ke kan fuskar injin. Akwai zoben waya da ya kewaye ta, mai ɗan sifirin a wuri ɗaya, galibi a ƙasa ko ta gefe. Ka lura da inda sifirin yake. Ka sa bakin sukundireba mai faɗi a ƙarƙashin zoben kusa da sifirin, ka ɗago shi a hankali, kana kiyaye kada bakin ya soki roba. Idan zoben ya fita, ka zare leɓen robar daga bakin ƙarfen ka tura ta cikin ganga. Ta wannan giɓi za ka iya zura hannu sama ka kai ga bayan fitilar. Zobe na biyu, na ciki, wanda ya ɗaure robar a jikin tulu, ba ruwanka da shi. Mayar da shi wahala ce, kuma aikin fitila bai buƙaci a cire shi ba.

Idan har yanzu wuri ya yi ƙunci, sai a cire fuskar injin gaba ɗaya. Ka fara da zubar da ragowar ruwa ta ƙaramar ƙofar da ke ƙasa: ka jawo ɗan tiyon da ke wurin, ka cire toshiyarsa, ka tara a faranti. Ka zare durowar sabulu ta hanyar danna harshen da ke tsakiyarta, ka kwance sukurorin da ke bayanta, ka ɓalle fuskar maɓallai ka kwantar da ita a saman injin ba tare da ka ja wayoyinta ba. Ka kwance sukuru biyu ko uku na makullin ƙofa ka bar shi ya koma ciki, sannan sukurorin sama da na ƙasa na fuskar. Ƙofar gilashi tana jikin fuskar, don haka ta fi yadda ake zato nauyi. Ka rufe ta, ka tallafe da gwiwa kafin ka kwance sukuru na ƙarshe, ka ɗaga sama ka jawo.

Gano abin da ya mutu

Abubuwa uku ne za su iya hana haske: fitilar, wayar, ko allon. Ka bi su da ido kafin ka ɗauko mita. Ka cire mahaɗa ta hanyar danna harshenta, ka ja jikinta, kada ka ja waya. Ka duba haƙoranta. Kore ko farin gari a kansu alamar laima ce ta cinye ƙarfen, kuma wannan kaɗai yana iya yanke wutar da ba ta wuce volt 12 ba. Ka kankare da tsohon buroshin haƙori da ruwan wanke mahaɗar lantarki ko sifirit, ka bari ya bushe sarai. Sannan ka bi wayar da yatsu daga gindin fitila har inda ta shiga babban damin wayoyi. Tulun injin yana rataye ne a kan sifirin, yana rawa duk lokacin da ganga ke juyi 1,000 zuwa 1,400 a minti wajen matsa, robar ƙofa kuma tana rawa tare da shi. Wayar fitila tana lanƙwasa sau dubbai a kowane wanki, kuma a wuri biyu ta fi karyewa: daidai inda ta fito daga gindin fitila, da inda aka ɗaure ta a jikin ƙarfe. Tagullar takan tsinke a ciki fatar tana nan lafiya. Ka ɗan ja kowane sashe a hankali. Inda ka ji fatar tana miƙewa, nan ne ta karye.

Don tabbatarwa, ka sa mita a ma'aunin ci gaban waya, filogi a zare, ka auna kowace waya daga mahaɗar fitila zuwa inda ta shiga allo. Ya kamata mita ta yi ƙara, ko ta nuna ƙasa da om 1. Kana aunawa kana motsa wayar. Idan ƙarar tana yankewa, ka sami mai laifi.

Gwada fitilar ita kaɗai yana da ɗan sarƙaƙiya. Ma'aunin diyod na mita, wanda ake gwada irin su LED da shi, yakan ba da wuta kaɗan, farar LED kuma tana son kusan volt 3 kafin ta kama. In guda ɗaya ce a ciki, tana iya ɗan yin haske. In an jera biyu ko uku, ko akwai rezista a ciki, wato ɗan abin da ke rage wutar da ke wucewa, mita za ta nuna kamar a yanke take alhali lafiyarta lau. Saboda haka rashin amsa a wannan gwaji ba hujja ba ne. Hanya mafi inganci ita ce batir mai volt 9 da rezista mai om 1,000 a jere da shi. Rezistar tana hana wuta ta wuce miliamfiya 9, wanda ba zai ƙona LED ba ko da guda ɗaya ce tak. Ka taɓa haƙoran mahaɗa na ɗan lokaci a wuri mai duhu. In ba ta kama ba, ka juya wayoyin, domin LED ta hanya ɗaya take karɓar wuta. Ko ɗan haske kaɗan ya nuna tana da rai. Kada ka jona batir kai tsaye ba rezista ga fitilar da ba ka san ƙarfinta ba, za ka iya kashe mai lafiya.

Saura gwajin wutar da ke zuwa daga allo, kuma shi ne kaɗai ake yi injin na jone. A nan akwai haɗarin da mutane ba su cika sani ba. A wasu injinan, ɓangaren ƙaramar wuta ba a raba shi da wutar bango ba. Tsakanin wayoyin fitila biyu mita za ta nuna volt 12, amma tsakanin ɗaya daga cikinsu da jikin injin ko ƙasa, akwai wutar da za ta iya kisa. Don haka kada ka taɓa su da hannu don ka ga sirara ne. Ka maƙala tsinkayen mita a mahaɗar ɓangaren allo tun filogi yana zare, ka sa mita a DC volt 20, ka tabbatar ba abin da ya taɓa ƙarfe kuma ƙasa a bushe take, ka ja da baya, sannan ka jona filogi ka kunna fitila ta maɓallinta ko ta buɗe ƙofa. Idan ka cire fuskar injin, dole makullin ƙofa ya kasance a jone da wayarsa. Ka karanta, ka zare filogi, ka jira, kana ka cire tsinkayen. Wanda bai saba aiki kusa da wuta mai rai ba, ya tsallake wannan mataki. Idan waya lafiya, fitila kuma ta ƙi amsa gwajin batir, hujjar ta isa a sayi sabuwa.

In mita ta nuna wutar da ta dace amma ba haske, fitila ce. Wasu allunan suna ba da wutar da ta ɗan haura abin da aka rubuta idan ba a jona musu fitila ba, wannan ba matsala ba ne. In ta nuna sifiri, waya kuma lafiya, makullin ƙofa yana aiki, to laifin na allo ne.

Cire tsohuwa da sa sabuwa

Ka duba yadda aka riƙe ta kafin ka ja. Mafi yawa an cusa gindin fitilar ne a wani ɗan wuyan roba da ya fito daga jikin robar ƙofa, aka ɗaure wuyan da kebul tai ko ƙaramin zoben ƙarfe. Wasu kuma murɗawa ake yi su kulle, ko suna da harsuna da ke kama wani zoben leda. Idan kebul tai ne, ka yanke shi a kansa, inda ya kulle, kana sa bakin filaya a kwance. Yanka ɗaya a wuyan robar ya isa ya sa a sauya robar ƙofa gaba ɗaya, aikin da ya ninka wannan sau da yawa. Idan zoben ƙarfe ne, ka matse kunnuwansa da filaya ka ja shi baya. Sannan ka tura idon fitilar da babban yatsa daga cikin ganga, kana murɗa gindinta kaɗan kaɗan da ɗaya hannun. Shekaru da sabulu kan sa ta manne. Ɗigon ruwan sabulu a gefenta zai sake ta. Kada ka ɗago ta da sukundireba.

Ramin da ta bari, ka goge shi tas, ka miƙe robar da yatsu ka haska. Kana neman tsaga, ko inda robar ta bushe ta fara farfashewa, ko baƙin dattin da ya daskare a leɓen ramin. Datti ana wanke shi. Tsaga kuwa ba ta gyaruwa da gam ko silikon, domin wurin kullum yana motsi kuma yana shan ruwan zafi, abin da aka shafa zai ɓanɓare cikin 'yan wanki. Robar da ta tsage sai sabuwa.

Ka jera tsohuwa da sabuwa ka gwada faɗin gindi, siffar mahaɗa da tsawon waya. Ka shafa wa gindin sabuwar ruwan sabulun wanke kwanoni kaɗan. Kada ka sa giris, ko man inji, ko basilin. Robar ƙofa yawanci irin EPDM ce, kuma man da aka samo daga fetur yana sa ta kumbura ta yi laushi, bayan wani lokaci ta saki abin da ta riƙe. Ka tura fitilar har sai ka ji ta zauna a gurbinta. In akwai ɗan ƙulli ko kibiya a jikinta, ka daidaita shi da na robar, domin shi ne ke sa hasken ya fuskanci cikin ganga maimakon gilashin ƙofa. Ka leƙa daga ciki: leɓen roba ya kewaye idon daidai ta kowane gefe, ba inda ya naɗe ko ya shige ciki. Sannan ka ɗaure da sabon kebul tai mai faɗi ɗaya da tsohon, a daidai layin da tsohon ya bari. Ka ja shi har fitilar ta daina juyawa da hannu, ka tsaya nan. In ka wuce haka zai nutse cikin roba ya fara yankarta. Ka yanke jelarsa daf da kai don kada tsininta ya riƙa gogar roba.

Wayar, ka mayar da ita ta hanyar da hotonka ya nuna, cikin maƙalanta na asali. Ka bar mata ɗan rara tsakanin fitila da maɗauri na farko. Ka kama tulun ka tura shi gaba da baya, sama da ƙasa, ka ga cewa wayar ba ta ɗamewa, ba ta kuma gogar siminti ko gefen ƙarfe. Waya mai ɗauri da yawa ita ce ke sa a sake buɗe injin bayan 'yan watanni.

Idan waya ce kawai ta karye kuma karayar tana nesa da gindin fitila, ba sai an sayi komai ba. Ka yanke wurin, ka feƙe bakin biyu kamar milimita 8, ka zura bututun roba mai tsukewa da zafi, irin mai gam a ciki, ka haɗa da dalma, ka rufe, ka ɗumama. Kowace waya da nata bututun. Murɗa waya a naɗe da salatif ba ya ɗorewa a wurin da ke da laima da girgiza. Inda aka yi dalma yakan sandare, don haka ka ɗaure shi a wurin da ba ya motsi, ka bar lanƙwasa ta faɗa kan lafiyayyen sashe. Karayar da ke daf da gindi ba ta da abin kamawa, sai sabuwar fitila.

Mayarwa da gwajin yoyo

Ka mayar da fuskar injin, da makullin ƙofa, da fuskar maɓallai. Kafin ka ɗora zoben wayar da ke riƙe roba, ka tabbatar ba wayar da ƙarfe ya danne, ka rufe murfin sama ko da ba ka ɗaure shi ba, ka jona filogi ka ga ko fitila ta kama. In ta kama, ka zare filogi ka ci gaba. Ka jawo leɓen robar ka ɗora shi a bakin ƙarfe zagaye ɗaya, kana bi da yatsa don ka ji ya shiga ko'ina. 'Yan ramukan da ke tsiyayar da ruwa su kasance a ƙasa daidai, alamar kibiya kuma a sama. Zoben waya, ka fara sa shi daga gefen da ke fuskantar sifirin, ka bi da shi ta ɓangarori biyu, ka ƙare da miƙe sifirin da filaya ko bakin sukundireba. Hannu na uku yana taimakawa a nan, wani ya danne abin da ya riga ya shiga don kada ya fito. Bayan ya zauna, ka ja robar a wurare da dama. In ta zamo a wani wuri, zoben bai faɗa gurbinsa ba.

Ka tabbatar ɗan tiyon ƙasa yana toshe, ka buɗe famfo. Ka shimfiɗa busasshiyar takarda ko kwali a ƙarƙashin gaban injin, ka sa tawul uku ko huɗu a ganga, ka kunna gajeren wanki. Ganga wofi ba ta watsa ruwa sama sosai, kaya ne ke ɗaga shi ya kai inda fitila take, shi ya sa gwaji ba kaya yake ruɗi. Idan ya gama, ka zare filogi, ka ɗaga murfi, ka shafa busasshiyar takarda a kewayen gindin fitila da bayan robar. Ko laima kaɗan ka gani, ka sake zaunar da fitilar da sabon maɗauri. Ɗigon da ke fita daga nan yakan bi bayan roba ya gangara kusa da makullin ƙofa da wayoyinsa, inda wutar bango take. Ka sake duba takardar ƙasa bayan wanki biyu ko uku na farko, musamman na ruwan zafi, domin zafi yana sassauta roba.

Idan laifin na allo ne

Abin da ke kunna fitila a kan allo ƙaramin taransisto ne da 'yan rezista. Yakan ƙone idan ruwa ya shiga tsohuwar fitila ya haɗa wayoyinta, shi ya sa wani lokaci ake sa sabuwa fil ta ƙi kamawa. Wani lokacin kuma dalmar ƙafar mahaɗa ce ta tsage saboda girgiza, za a ga siririn zobe kewaye da ƙafar, kuma sake narka ta ya wadatar. Mai gyaran allunan lantarki zai iya sauya taransiston idan allon a buɗe yake. Wasu kamfanonin kuwa suna zuba wa allon wani kakkauran danƙo don kare shi daga laima, kuma tono wuri a cikinsa ba tare da an lalata wani abu ba aikin gwani ne. Sayen sabon allo dungurungum saboda fitila kaɗai bai cancanta ba, muddin sauran ayyukan injin suna tafiya daidai. A irin wannan hali, ka bar fitila a zaune a raminta da maɗaurinta don ta ci gaba da toshe ruwa, ka cire mahaɗarta daga ɓangaren allo, ka rufe bakin mahaɗar da bututun roba mai tsukewa, ka ɗaure ta a sama, nesa da tulu da duk abin da ke motsi.